Kwali a Kasuwar Dole: Daga Wane Daji Ya Fito, Ina Yake Ƙarewa?

Babu masana'antar da ke dafa itace ta mayar da shi takarda a Damagaram, babu ita kuma a duk faɗin Nijar. Amma wanda ya tsaya bakin kasuwar Dole lokacin da manyan motoci ke sauke kaya zai ga kwali ya rinjayi komai: katan na taliya, na ganyen shayi, na tumatirin gwangwani, na sabulu, madara, batir, maganin sauro. Wasu sun biyo ta Kano sun shigo ta Ɗan Barto da Matamaye ko ta Magariya. Wasu ta teku suka zo, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 da yawansu sai sun sauka Lome, su ratsa Burkina Faso, su iso Yamai, sannan su kama hanyar kilomita wajen 900 zuwa nan. Ɗan kasuwa abin da ke ciki yake lissafi. Kwalin a wurinsa gyara ne da aka ɗora masa, ba ya shiga littafi.

Sai dai kwali itace ne, kuma duk wanda ya shigo garin nan ba ya komawa inda aka yi shi. Lamarin ke nan.

Ka yage gefen katan ka duba bakinsa, falle uku za ka gani: na waje, na ciki, da wani mai lanƙwasa a tsakiya wanda shi ke ba shi ƙarfin ɗaukar nauyi. Duka ukun zaren itace ne. A masana'anta ana ɓare itace, a daddatsa shi ƙanana, a dafa shi cikin ruwan soda mai ƙarfi da sinadarin farar wuta har ƙaron da ke riƙe da zaren ya narke. Wani Bajamushe, Carl Dahl, shi ya fito da wannan hanya a 1879, kuma har gobe ita ce aka fi bi. Kusan rabin nauyin busasshen itacen ne ke fita a matsayin ƙullun takarda, sauran ya tafi cikin baƙin ruwan dahuwa, wanda ake ƙonawa don samun wutar da ke tafiyar da injuna. Ma'ana, tan ɗaya na sabon ƙullu ya ci kimanin tan biyu na busasshen itace, ga ruwa mai yawan gaske. Duniya na yin takarda da kwali fiye da tan miliyan 400 a shekara, kuma fiye da rabi na ƙunshe kaya ne. Takardar jarida da ta ofis suna raguwa tun da waya ta shiga hannun kowa, kwali kuwa ƙaruwa yake.

Ba dukansa ne sabon itace ba. Fiye da rabin zaren da masana'antun duniya ke aiki da shi tsohuwar takarda ce da aka tattara aka jiƙa aka sake murzawa. Kwali mai ruwan ƙasa shi ya fi kowa cin moriyar wannan, musamman fallen tsakiya. To amma zare yana gajarta duk lokacin da aka sake murza shi, har ya kai ba ya kama ɗan'uwansa. Lissafin da aka saba ji shi ne sau 5 zuwa 7. Dole kullum a riƙa zuba sabo a kai. Kuma duk katan ɗin da ya fita daga wannan zagaye, sabon itace ne ke cike gurbinsa.

Wane daji ne ke biya? Amsar ba ɗaya ba ce, kuma masu cewa "kowace takarda sare daji ce" suna haɗa abubuwan da ba su haɗu ba.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Indonesiya. A tsibirin Sumatra, musamman lardin Riau, manyan kamfanoni biyu, APP da APRIL, sun kafa injunan ƙullun takarda masu girman da gonakin itacensu ba su iya ciyarwa. Sai aka shekara da shekaru ana ciyar da su da dajin Allah, dajin da giwa da damisa ke ciki, ana sharewa ana dasa akasiya, dangin bagaruwa mai saurin girma. Wani babban yanki na dajin yana kan fadama ce mai zurfi, wadda ƙasarta ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa na dubban shekaru. Don a dasa akasiya sai an haƙa magudanai an tsane ruwan. Idan irin wannan ƙasa ta bushe ita kanta makamashi ce, wuta na ci ta ƙarƙashi makonni ba a ganin harshenta. A 2015 gobara ta cinye kimanin hekta miliyan 2.6 a Indonesiya, hayaƙi ya turnuƙe har Singafo da Malesiya, aka rufe makarantu. Ba takarda kaɗai ke da laifin ba, gonakin kwakwar manja na ciki tsundum. APP ta yi alkawarin daina sare dajin asali a 2013, APRIL ta bi sahu a 2015, kuma ƙungiyoyin kare muhalli na ci gaba da zargin cewa wasu masu kai musu itace ba su daina ba. Itacen wannan yanki gajeren zare gare shi, ya fi shiga farar takarda da ta goge hannu da farin kwali mai sheƙi. Saboda haka mai shagon hoton takardu a kusa da jami'ar André Salifou ya fi mai sayar da taliya kusanci da Sumatra. Ya juya ƙunshin farar takardar da yake saye ya karanta bayansa, sau da yawa sunan Indonesiya zai gani, ko Tailan, ko Brazil.

Brazil ita ce kan gaba wajen fitar da ƙullun takarda zuwa kasuwar duniya, kuma da itacen turare take yi, wanda muka sani a bakin hanyoyi da lambuna. A can shekara 7 ya isa sara. Galibi a tsofaffin makiyaya ake dasa shi, don haka kamfanoni ke cewa ba su taɓa daji ba. Amma gonar turare ta dubban hektoci ba daji ba ce: iri ɗaya ne a jere, babu abin tsinka, babu kiwo, tsuntsu kaɗan. Ga shan ruwa. A Afirka ta Kudu, inda Sappi da Mondi ke da irin waɗannan gonaki, dokar ruwa ta 1998 ta sa su cikin ayyukan da ke rage gudun rafi, sai da lasisi ake dasawa.

Fallen waje na kwali mai ƙarfi kuwa dogon zare yake so, na itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura: Suwidin, Finland, Kanada, Rasha, kudancin Amurka. A Suwidin da Finland doka ta wajabta sake dasawa, yawan itace bai ragu ba. Abin da ke raguwa shi ne tsohon daji, wanda ke ɗaukar shekara 100 ko fiye kafin ya dawo yadda yake, kuma Samawa, ƙabilar arewacin waɗannan ƙasashe masu kiwon barewar ƙanƙara, sun daɗe suna kukan abincin dabbobinsu na ɓacewa tare da shi.

Akwai misali kusa da gida wanda ya fi waɗannan ciwo. Najeriya ta gina masana'antun takarda uku: Jebba a 1969, Oku Iboku a 1986, da Iwopin a jihar Ogun. Don a ciyar da ta Iwopin aka share dajin asali a gandun Omo da na Oluwa, aka dasa malaina da rancen Bankin Duniya. Masana'antar ba ta taɓa yin aikin da aka gina ta dominsa ba, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 dukan ukun sun durƙushe. Daji ya tafi, takarda ba ta samu ba. Yau kwalin da ke zuwa mana daga Kano da Legas, takardarsa ko dai daga waje aka shigo da ita ko daga tsohon kwalin da aka tattara a Najeriya.

A yi adalci: ba takarda ce babbar mai cinye dajin duniya ba. Binciken hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na dajin da ake sharewa gona ce da makiyaya ke cinye shi. Ɓarnar takarda ta taru ne a wasu wurare ƙididdigaggu, inda take da tsanani, sannan tana mayar da daji mai iri-iri gonar iri ɗaya ba tare da taswira ta nuna an yi asara ba.

Mu dawo Dole. Idan mai sari ya zazzage kaya, kwali ba ya zama shara nan take. Mai kyau, wanda bai jiƙe ba, ana sayar da shi ko a ba abokin ciniki ya zuba sayayya. Za ka ji yaro ya tsaya bakin shago: "Alhaji, a taimaka min da kwali." Daga nan ya shiga tasha, a cika shi da saƙo a ɗaure da igiyar roba zuwa Tanut ko Gure ko Agadas. A ciki ake jera mangwaro da tumatirin lambu, a ciki ƴan tsaki ke tafiya an huda musu ƙofofin iska. Idan ya mutu a matsayin akwati sai a buɗe shi. Makanike ya shimfiɗa ya kwanta ƙarƙashin mota, mai tebur ya yi inuwa, mai shayi ya yanki ɓalli yana fifita gawayi, almajiri ya kwana a kai cikin sanyin hunturu. Takardar buhun siminti ta koma hannun mai tsire da mai kilishi, tsofaffin littattafan ƴan makaranta su koma hannun mai ƙosai. Wanda ya san Turai zai gaya maka a can katan sau ɗaya yake aiki a jefa shi a kwandon tattarawa. A nan sai ya yi aikin da zai iya duka. A wannan fanni babu wanda zai koya wa Damagarawa komai.

Matsalar tana ƙarshen tafiyar. Ƙarshen kwali a garin nan huɗu ne: wuta, cikin dabba, gara, ko lambatu.

Na cikin dabba ya kamata a tsaya a kansa. Da rani, idan harawa da dusa suka yi tsada, awaki na bin bola suna cin kwali, wasu masu kiwon ma jiƙa shi suke yi su cuɗa da dusa su ba rago. Tumbin dabba mai tuƙa yana iya narkar da wani abu daga zaren, shi ya sa dabarar ba ta mutu ba. Amma cika ciki ne kawai, babu abin gina jiki, ga tawada, ga manne, ga salatif da ƙananan ƙarafan ɗinki da ba a cirewa. Mahauta su suka san abin da suke tararwa a tumbi. Wanda gara ta ci, ko ya bi takin bola a amalanke zuwa gona, shi ne ya yi ƙarshe mai kyau, don ya ruɓe ya koma ƙasa, abin da leda ba ta yi. Wanda aka hura murhu da shi ya ɗan rage itace: kilo da kilo zafinsa bai yi nisa da na busasshen itace ba, sai dai bal yake yi ya mutu, ba ya dafa wake. Wanda aka cinna wa wuta a bola da yamma, tare da leda da roba, asara ce tsantsa, sai hayaƙin da unguwa ke shaƙa.

A cikin huɗun nan babu wanda ke mayar da zaren masana'anta. A Turai fiye da kashi 80 cikin 100 na kwalin ƙunshe kaya na komawa a sake murza shi. Namu zaren da zai iya zagayawa sau da yawa a zagaye ɗaya yake tsayawa. Kuma kasuwar tsohon kwali ba ƙarama ba ce. Sin, wadda kayanta suka cika rumfunan Dole, ta taɓa sayen tsohuwar takarda kusan tan miliyan 30 a shekara daga waje. Tun 1 ga Janairu 2021 ta hana shigo da shara kowace iri, masana'antunta suka ƙara dogara da ƙullun da ake kawowa daga waje da itacen gonakin kudu maso gabashin Asiya. Ke nan katan na batir da ke isowa yau daga Sin ya fito ne daga ƙasar da ke neman zare ido rufe, ya zo ya ƙone a bayan kasuwa.

Me ya hana a tattara? Ƴan jari-bola sun amsa tambayar da ƙafafunsu: ƙarfe suke bi, da dalma, da sanholo, da roba mai kauri, don su ke da nauyin da zai biya kuɗin mota. Kwali iska ne. Ka cika babbar mota da shi a buɗe, nauyin da ka ɗauka bai kai ya biya mai da direba da shingayen hanya ba. Kano na da nisan kimanin kilomita 240, amma masana'antun da ke sayen tsohon kwali da yawa suna can kudu, wajen Legas da Ogun. Motocin da ke komawa Najeriya ma ba wayam suke tafiya ba, wake da riɗi da dabbobi sun fi kwali daraja. Ga iyaka, ga canjin sefa da naira da ke juyawa.

Inda wannan lamari ke shirin zama babba shi ne batun leda. Nijar ta yi doka a watan Nuwamba 2014 da ta hana yi da shigowa da sayar da leda mara kauri, kuma kowa na ganin yadda take rataye a ƙaya da yadda take toshe magudanai da damina. Duk lokacin da aka ta da maganar, shawarar farko da ke fitowa ita ce a koma jakar takarda, kamar yadda Ruwanda ta yi bayan ta hana leda a 2008. A ganina wannan shawara, ga garin da ba ya yin takarda kuma ba ya mayar da ita, sauya wa ɓarna mazauni ne. Jakar takarda ta ninka leda nauyi sau da yawa, ta fi ta cin ruwa da wuta wajen yi, ta fi ta cin wuri a mota. Hukumar muhalli ta Ingila ta lissafa a 2011 cewa sai an yi aiki da jakar takarda aƙalla sau 3 kafin ta yi daidai da leda ɗaya wajen ɗumama duniya. Gaskiya ne lissafin nasu bai sa akuyar da leda ta kashe ba, bai sa kwatar da ta toshe ba, kuma a nan waɗannan su ne ciwon. Amma jakar da aka zuba manja ko ɗanyen nama ko ƙanƙara a ciki, wa zai sake aiki da ita sau 3? Za mu riƙa biyan kuɗin waje muna sayen sabon zare mu yar bayan awa ɗaya. Kwando da jakar kaba da ƙwarya da kwanon da iyayenmu mata ke riƙewa zuwa kasuwa sun fi wannan nesa ba kusa ba, kuma kuɗinsu a ƙauyukanmu yake tsayawa. Ita ma kaba tana da iyaka: inda aka matsa wa goriba da yanka, kamar yadda aka gani a Gulbin Kaba na jihar Maradi, ba ta samun tashi ta zama itace.

Akwai kuma masu cewa, to mu dasa turare mu yi takardarmu. Ruwan saman Damagaram bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 a shekara ba. Garin da ya sha wahalar ruwan sha shekaru aru-aru, yana jawo shi daga Gogo da Arunguza da Ganaram, wanda har yau wasu unguwanninsa sai da ƴan garuwa, ba shi ne zai ciyar da injin dafa itace ba. Itacen da ya dace da ƙasar nan manoma sun riga sun gano shi. Bayan farin 1973 da na 1984, mutanen Magariya da Matamaye da Mirya suka koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna gyara shi maimakon tumɓukewa, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya nuna kimanin hekta miliyan 1 a waɗannan yankuna uku sun sake yin itace, kuma a ƙasa baki ɗaya ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani, ƴaƴansa abincin dabbobi. Tarihin baka na cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu wanda ya sare gawo ransa yake sa wa a haɗari. Dokar gandun daji ta 2004 da ƙudurin gwamnati na 2020 kan sassaben zamani sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Abin da ke barazana ga waɗannan itatuwa ba kwali ba ne, murhu ne da gawayi da ƙarancin gona. Matatar mai ta SORAZ tana fitar da iskar girki tun 2011, amma amalanken itace ba su daina shigowa gari da asuba ba.

Wani abin lura a gefe: takardar da malaman Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19, wadda ayari ke kawowa daga Tarabulus, da yawanta ta Italiya ce mai tambarin jinjirin wata uku, kuma galibi da tsummokara aka yi ta, ba da itace ba. Tsada gare ta, shi ya sa karatu ya zauna a kan allo, a rubuta a wanke a sake rubutawa.

Abin da ke hannun garin nan kaɗan ne, amma a fili yake. Tambarin FSC, na ƙungiyar da aka kafa a 1993 don tantance itacen da aka sara bisa ƙa'ida, ba shi da wani tasiri a wurin mai sayen taliya, amma ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyin agaji da ke sayen farar takarda katan-katan suna iya sa shi cikin sharaɗin saye, su kuma buga gaba da baya. A kasuwa kuwa maganar ta tsaya ne a kan injin matsewa. Kwalin da aka matse aka ɗaure dam-dam yana mayar da lodin iska lodin nauyi, sannan ne lissafin mota zai fara yiwuwa. Yana bukatar rumfa mai rufi kusa da masu sari, don kwalin da damina ta daka ko mai ya ɓata ba shi da kasuwa, da yara masu cire salatif, da mai saye tabbatacce a ƙetaren iyaka kafin a tara ko katan ɗaya. Wanda bai cancanci tafiya ba yana da aiki a gida: tiren ƙwai da tsohon kwali ake yin sa, a jiƙa, a dama, a zuba a ma'auni, a shanya. Ruwan da yake ci kaɗan ne kuma ana sake juya shi, shanyar kuwa rana ce ke yi kyauta wata takwas a shekara. Ma'aikatar magajin gari ba sai ta sayi inji ba. Fili a gefen kasuwa da sassaucin haraji na shekarun farko su ne abin da mai son sa jarinsa zai fara tambaya.